Makarantun Birnin Kano da Shugabanninsu

Sa'ad da Turawa suka ci Kano cikin shekarar 1903, ba su tarar da garin jahilai ba. Kowace unguwa akwai makarantar allo, a zaurukan Madabo kuwa manyan malamai na karantar da fiƙihu da nahawu tun kaka da kakanni. Abin da Turawa suka rasa shi ne wanda zai rubuta musu lissafin haraji da irin baƙaƙen da su ke iya karantawa. Akawunansu daga Ikko da Saliyo a ke ɗauko su, da albashi mai tsada, galibinsu kuwa ba su jin Hausa. Wannan bukata ita ce ta haifi makarantar boko a Kano.

Wanda aka danƙa wa aikin shi ne Hanns Vischer, haifaffen ƙasar Suwizalan, wanda Kanawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa. Mutum ne da ya san ƙasa, don cikin 1906 ya ratso hamada da ayari tun daga Tarabulus har Barno. Kafin ya fara sai da ya je Masar da Sudan ya dubo yadda a ke koyar da 'ya'yan Musulmi a can, sa'an nan ya buɗe makarantarsa a Nasarawa, bayan ganuwa, cikin 1909. Sarkin Kano Abbas ya taimaka da kuɗi daga Baitulmali.

Nufin Ɗan Hausa shi ne yaro ya koyi boko ba tare da ya zama baƙo a gidan ubansa ba. Saboda haka da Hausa a ke koyarwa, yara na sanye da rigunansu na gida, malaman addini kuwa na da nasu lokaci. Akwai ajin malamai, waɗanda za su koma su koyar a garuruwansu, da na 'ya'yan sarakuna, da na masu koyon dukanci da sassaƙa da ƙira. Nufi ne mai kyau, amma gajere. Abin da aka ƙidaya shi ne mutum nawa En'e ta ke bukata a ofisoshinta, ba yara nawa ke cikin birni ba. Su ma iyayen ba su sakankance ba, har an sha ba da labarin hakiman da aka ce su kawo 'ya'yansu, suka turo 'ya'yan barorinsu. Da Yaƙin Duniya na Farko ya tashi Ɗan Hausa ya bar Kano, bai kuwa komo ga aikin ba.

A wannan tsakani garin kansa ya sāke. Jirgin ƙasa ya iso cikin 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, baƙi suka yi ta kwararowa. Wajen 1913 aka yanka wa mutanen Kudu fili aka kira shi Sabon Gari. Kano ta zama gari uku: cikin birni, da Fagge inda fatake da baƙin Arewa su ke sauka, da Sabon Gari na Yarbawa da Ibo da sauransu. Sabon Gari ba a hannun Sarki ya ke ba, a hannun Joji ya ke, sai cikin 1940 aka mai da shi ƙarƙashin En'e. Tun da Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addini ba, an hana mishan kafa makaranta cikin birni, amma a Sabon Gari an sakar musu mara. Ƙungiyoyin kabilu ma suka tara kuɗi suka gina nasu. Su nufinsu a fili ya ke: yaro ya ji Turanci da wuri, ya ci jarrabawa, ya sami aiki. To, ga makarantu iri biyu, tsakaninsu bai fi tafiyar rabin sa'a da ƙafa ba, amma ba shugaba ɗaya da ke duban su duka. Da kamfanoni da gidan waya da Reluwe suka nemi akawuna, ba sai an faɗi inda suka same su ba.

Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya hau gado cikin 1926, shi ne ya fara neman wata hanya. Shi abin da ya dame shi daban ne. Ya ga muddin malaman birni suna ɗaukan boko kishiyar addini, ba uban da zai ba da ɗansa da daɗin rai. Sai ya nemi ya zaunar da ilmin nan biyu a tabarma ɗaya. Cikin 1928 aka buɗe makarantar Shahuci don koyar da masu aikin shari'a. Cikin 1934 aka kafa Makarantar Shari'a ta Jihar Arewa a Kano, aka ɗauko shaihunai daga Sudan, mutanen da ba wanda zai ce ba su san Littafi ba, ga su kuwa suna koyarwa a aji, da allon bango da agogo. Ita ce ta zama Makarantar Koyon Larabci cikin 1947. A zamaninsa ne kuma aka kafa Midil ta Kano, wadda ta zama Kwalejin Rumfa daga baya, aka kuma fara makarantar 'yan mata cikin 1930, a jikin fada, don mutane su ga Sarki da gidansa ya fara. Daga makarantun nan ne irin su Malam Aminu Kano da Maitama Sule suka fito.

Duk da haka ragamar ba a hannu ɗaya ta ke ba. En'e ke gina aji ta biya malami, amma abin da za a koyar, Baturen makaranta ke kawo shi daga Kaduna. Malamin elemantare iyayen gida biyu gare shi, in ya gamshi wannan ya saɓa wa wancan. Ɗaukan yara kuwa rabawa a ke yi kamar haraji, a ce mai unguwa kaza ya kawo yara kaza. Wanda ke da hali ya ɓoye ɗansa, sai a kama na marar galihu. Abin mamaki, waɗansu daga cikin waɗanda aka kai da kuka su ne suka riƙe ƙasa bayan shekara ashirin.

Da zancen mulkin kai ya taso, nufi ya sāke gaba ɗaya. Cikin 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tsaya a Majalisar Kaduna ya nemi a gyara aikin En'e, a kuma wayar da kan talakawa, ba da daɗewa ba aka ɗaura Yaƙi da Jahilci. Gwamnatin Sardauna ta ƙudura sai 'yan Arewa sun riƙe ofisoshin Arewa, aka shiga neman masu takarda ido rufe. Malam Aminu Kano shi kuma ya kawo makarantun Islamiyya, inda a ke haɗa Alƙur'ani da lissafi da rubutun boko, a karɓi ɗan kowa, mace da namiji. En'e ba ta yi maraba da su ba, don tana ganin siyasar NEPU a bayansu. Cikin Mayu 1953 aka yi tarzoma tsakanin Sabon Gari da mutanen gari, aka yi hasarar rayuka. Siyasa ce ta jawo ta, ba makaranta ba, amma samarin da suka fuskanci juna a ran nan ba su taɓa zama kan benci ɗaya ba.

An yi Jihar Kano cikin 1967, cikin shekarun da suka biyo kuma Gwamnati ta karɓi yawancin makarantun mishan da na kabilu. Cikin 1976 aka rushe En'e aka kafa ƙananan hukumomi, aka kuma fara ilmin firamare kyauta ga kowane yaro a Nijeriya. Ran nan ne aka fara ƙidaya yaran Kano duka, na birni da na Fagge da na Sabon Gari, a littafi ɗaya. Sai dai yaran sun fi ajin yawa, aka ɗauki malamai da gajeren horo, waɗansu azuzuwa a gindin itace. Shekara ɗaya bayan haka, cikin 1977, Gwamnatin Jiha ta buɗe makarantun kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, inda a ke tace yara kaɗan da jarrabawa, don a sami likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasa.