Abokin Karatu a Abuja, Daga Tsangaya Zuwa Gwagwalada

Abotar karatu, wato mutum biyu su haɗa kai suna bita, kowa na yi wa ɗan'uwansa gyara, ta girmi boko a ƙasar Hausa. A tsangaya gardi kan zauna da abokinsa, ɗaya na kawo hadda, ɗayan na riƙe da takarda yana saurare, in mai karatu ya yi tuntuɓe a ɗora masa. Yaran da aka tara daga larduna a Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, kusan duk sun taɓa allo, don haka ba baƙon abu ba ne gare su.

Ta wannan kwaleji ce Abuja ta fara shiga labarin. Sulaimanu Barau, wanda ya zama Sarkin Abuja a 1944, a can ya yi karatu, kuma garinsa ne ya bar wa sabon birni sunan Abuja, ya koma Suleja. Kwalejin ta tashi zuwa Kaduna a 1938, ta sauka Zariya a 1949, aka raɗa mata Barewa a 1971. Murtala Muhammed, wanda gwamnatinsa ta kafa dokar sabon babban birni a Fabrairun 1976, ɗan wannan makaranta ne, haka Yakubu Gowon da Shehu Shagari. Ke nan birnin ya sami tsofaffin ɗalibai tun bai sami ɗalibai ba. Manyan ma'aikatan da suka taso daga Legas da Kaduna sun zo da abotarsu ƙullalliya, kuma kalmar "ɗan ajinmu ne" ta buɗe ƙofofin ofis da yawa.

Ɗaliban birnin na kansa sai daga baya. An kafa Jami'ar Abuja a 1988, karatu ya kankama a 1990 a Gwagwalada, cikin gine-ginen da aka yi don makarantar firamare, ƙarƙashin shugabanta na farko, Farfesa Isa Muhammad. A lokacin ma gwamnatin tarayya ba ta tare a Abuja ba, sai 12 ga Disamba 1991. Kwalejin Ilimi ta Zuba ta biyo baya a 1996, Makarantar Horar da Lauyoyi kuma ta kawo hedikwatarta Bwari a 1997.

Yanayin Gwagwalada ya sauya wa al'adar abotar karatu fasali. Gari ne mai zafi, musamman a watannin Maris da Afrilu, kuma ɗalibai da dama haya suke kamawa a unguwanni irin su Dagiri, inda wuta kan zo ta tafi. Sai karatu ya koma na dare. Bayan isha'i abokai biyu kan nufi ɗakin lacca da fitila mai caji, da maganin sauro, da garin kwaki da sukari a leda. Ɗaya ya buɗe takardun malami, ɗayan ya riƙe tambayoyin shekarun baya da aka yi wa hoto har rubutun ya dusashe. Wanda barci ya fara ɗauka, a taɓa shi. Wajen ƙarfe biyu a leƙa teburin mai shayi, a dawo, wasu har kiran assalatu. Ba kasafai ake zaɓen aboki don yare ko gari ba, domin jami'ar ta tarayya ce, ta tara kowa. Wanda ya iya lissafi shi ake nema, ko Bagware ne ko Ibo ko ɗan Katsina.

Akwai wani rukunin da abokin karatu ya zame wa dole. Tun farko an ɗora wa jami'ar nauyin karatu daga nesa, wanda ya jawo ma'aikatan gwamnati masu iyali. Irin waɗannan sukan raba aiki: wanda ya sami zuwa lacca ya rubuta wa wanda ofis ya riƙe, ranar Lahadi a haɗu a yi bita.

Yajin aikin malamai ya sha katse wannan zama. Na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma a irin wannan tsaiko ne bitar ta ƙara komawa WhatsApp, inda ake tura hoton shafi da saƙon murya.

A can ne kuma tsofaffin ɗalibai ke haɗuwa yau, kowace shekarar gamawa da zaurenta. Hirar ba ta cika taɓa abin da aka koya ba, ta fi karkata ga malami mai tsanani, da kwas ɗin da ya kayar da rabin aji, da motar haya tsakanin Gwagwalada da sabon mazaunin jami'ar a kan hanyar filin jirgi. Amfanin zaurukan a zahiri shi ne karo-karo idan ɗan aji ya kwanta ciwo ko ya rasu ya bar marayu, da sanar da juna gurbin aiki, wanda a Abuja ba ƙaramin abu ba ne.