Algoridim: Kalmar da Ta Sha Lanƙwasa Kafin Ta Iso Sakkwato

Ranar da na fara furta kalmar algorithm a gaban aji, a nan Sakkwato, sai da aka yi mini dariya. Cewa na yi al-go-ri-dim. Gaɓa huɗu ce kamar yadda take a bakin Bature, sai dai gaɓar ƙarshe, wadda ake rubutawa thm ba ko wasali, ta ƙi zama a harshena. Na daɗe ina jin kunyar abin, har na bi sawun kalmar.

Ashe sunan mutum ne. Muhammad bin Musa Alhawarizmi masanin lissafi ne da ya yi aiki a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833. Nasabarsa ta fito daga Hawarizim, wani yanki na tsakiyar Asiya. A ƙarni na 12 aka fassara littafinsa kan lambobin Indiya zuwa Latin, masu fassarar suka kasa furta sunan, suka rubuta Algoritmi. Daga baya Turawa suka rikita shi da arithmos, wato lamba a Girkanci. Daga nan th ɗin ta samo asali. Sautin da ake yi mana dariya a kansa, kuskuren wasu ne.

Hausa ma tana da ƙa'idarta. Gaɓarta iri uku ce: baƙi da wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwai, sai baƙi da wasali da baƙi. Ba ta fara gaɓa da cunkoson baƙaƙe, shi ya sa muke cewa burodi, direba da sukurudireba. Tun kafin sojojin Ingila su ci Sakkwato a Maris na 1903, haka kakanninmu suka yi wa Larabci: alwaƙt ya zama lokaci, alkitab ya zama littafi, alhisab ya koma lissafi. Malaman da suka ƙware a nahawu da sarfu ba su ga aibu a nan ba.

Ni da nake rubuta manhajar kwamfuta, na san dole a rubuta kalmar daidai, a kuma gane ta a bakin kowa. Amma na ga ɗalibai masu kaifin basira sun yi gum a aji don tsoron gaɓa ɗaya. Ga su nake cewa: ku ce algoridim, ku yi tambayarku. Ai garinmu Sakkwato ne, Bature ya ce Sokoto, bai kuma ji kunya ba.