Idan ɗan sanda ya raunata mutum, wa ke biyan diyya?

Aikin ɗan sanda tsaron jama'a ne da dukiyarsu. Amma yakan faru ɗan sanda ya wuce iyaka a bakin aikinsa: ya doki mutum, ya harbe shi, ya tsare shi ba bisa ƙa'ida ba, ko ya buge shi da motar aiki. Wanda abin ya sama yana da kuɗin likita a kansa, ya rasa kwanakin nema, wani lokaci ma iyali su rasa mai ciyar da su. A wannan shafi za ka karanta yadda doka ke raba alhaki tsakanin ɗan sanda da hukumar garin da ta ɗauke shi aiki. Misalan da suka fi yawa daga Amurka suke, domin a can yawancin ƴan sanda ma'aikatan gari ne. Ƙasar tana da rundunonin ƴan sanda kusan 18,000, kowace da hukumar da take ƙarƙashinta.

Ka lura: dalar da ake faɗa a nan dalar Amurka ce, ba dalarmu ta kasuwa ba.

Shari'a iri biyu

Kafin komai, ka bambanta shari'a iri biyu.

1. Shari'ar laifi. Gwamnati ce ke gurfanar da ɗan sanda. Idan an same shi da laifi, a ɗaure shi ko a ci shi tara.

2. Shari'ar diyya. Wanda aka cuta, ko magadansa, su ne ke kai ƙara. Abin da suke nema kuɗi ne a madadin cutar da aka yi musu.

Kowace da hanyarta. Ana iya wanke ɗan sanda a ta farko, amma a biya diyya a ta biyu. Ga misali. Amadu Diallo ɗan ƙasar Gini ne mai tallar kaya a bakin titi a birnin Niyok. Ranar 4 ga Fabrairu 1999, ƴan sanda huɗu suka tare shi a ƙofar gidan da yake haya. Ya sa hannu a aljihu ya ciro jakar kuɗinsa, suka ce sun zaci bindiga ce. Suka harba harsashi 41, guda 19 suka same shi, ya mutu nan take. Ba ya ɗauke da makami. A shekara ta 2000 kotu ta wanke dukan su huɗun. Duk da haka, a 2004 birnin Niyok ya sasanta da iyayensa a kan dala miliyan 3.

Asalin dokar

Dokar da ake kai irin wannan ƙara da ita an yi ta a 1871, bayan yaƙin basasar Amurka. A lokacin, baƙar fata da suka fita daga bauta suna shan azaba a hannun ƙungiyar Ku Klux Klan, hukumomin jihohin kudu kuma sun zura ido. Dokar ta ce duk mutumin da ya fake da ikon hukuma ya tauye wa wani haƙƙin da tsarin mulki ya ba shi, ana iya kai shi ƙara kotun tarayya ya biya diyya. A yau ana kiranta Sashe na 1983. Wannan lambar sashe ce a kundin dokoki, kada ka ɗauke ta shekara.

Dokar ta daɗe ba a cika amfani da ita ba, sai a 1961 da Kotun Ƙoli ta yanke shari'ar Monroe. Ƴan sandan Shikago 13 ne suka faɗa gidan James Monroe da asuba ba tare da takardar izini ba. Suka tsai da shi da matarsa tsirara, suka birkita ɗakuna, suka tafi da shi suka tsare awa 10. Kotu ta ce yana iya kai ƴan sandan ƙara, amma ban da birnin Shikago, domin a ganinta kalmar mutum da ke cikin dokar ba ta haɗa da hukumar gari ba.

Yaushe alhaki ke hawa kan hukumar gari?

A 1978 Kotun Ƙoli ta sauya matsayi a shari'ar Monell. Waɗanda suka kai ƙarar mata ne ma'aikatan birnin Niyok da aka tilasta wa tafiya hutu ba albashi saboda suna da juna biyu. Kotu ta ce daga yanzu ana iya kai gari ƙara, amma da sharaɗi. Kasancewar gari ne ya ɗauki ɗan sanda aiki bai isa a ɗora masa laifin ɗan sandan ba. Sai ka nuna cewa garin da kansa yana da hannu. Hanyoyin nuna haka su ne:

1. Akwai doka ko umarni a rubuce da ya jawo cutar.

2. Akwai mummunar al'ada da ta zauna a rundunar, shugabanni sun sani ba su hana ba.

3. Babban jami'in da maganarsa ce ta ƙarshe a kan lamarin shi ya yanke shawarar.

4. Garin bai horar da ƴan sandansa ba, alhali haɗarin a fili yake. Kotu ta amince da wannan hanya a 1989, a shari'ar wata mata da ta faɗi a hannun ƴan sandan garin Canton ba a kira mata likita ba. Amma ta ce sakaci kaɗai bai isa ba, sai an nuna cewa hukuma ta ga haɗarin ta kau da kai da gangan.

Wannan hujja tana da wuyar kafawa. Abin da aka yi maka kai kaɗai sau da yawa ba ya wadatarwa. Lauyanka sai ya tono ƙorafe-ƙorafen da wasu suka yi a baya, da takardun horo, da abin da shugabanni suka yi bayan sun ji. Wannan aiki yana cin kuɗi da shekaru.

Akwai kuma dokokin jihohi. A jihohi da dama ana iya kai gari ƙara a kan sakacin ma'aikacinsa, kamar haɗarin motar ƴan sanda. Sai dai suna da wa'adi gajere. A jihar Niyok sai ka sanar da hukuma a rubuce cikin kwana 90. A Kalifoniya wata 6 ne. Wasu jihohin kuma sun ƙayyade iyakar kuɗin da za a iya biya.

Garkuwar ɗan sanda

Idan ka juya ga ɗan sandan da kansa, nan ma akwai shinge. Tun 1967 Kotun Ƙoli ta ba ma'aikatan hukuma wata kariya, a 1982 ta ƙara mata ƙarfi. Ma'anarta ita ce: ba za a ci ɗan sanda diyya ba sai in haƙƙin da ya taka sananne ne a fili a lokacin da ya taka shi. A aikace, alƙalai sukan nemi a kawo musu wani hukunci na baya mai kama da abin da ya faru. In babu, ana iya korar ƙarar ko da an cuci mutum. Hujjar masu goyon bayan wannan kariya ita ce ɗan sanda yana yanke shawara cikin ƙiftawar ido, tsoron shari'a kuma zai iya hana shi aiki.

Hukumar gari ba ta da wannan garkuwa. Kotu ta faɗi haka a 1980. Amma a 1981 ta ce ba a ɗora wa gari kuɗin horo, wato ƙarin da ake yi a kan diyya don a ladabtar da mai laifi. Ɗan sanda kaɗai ake iya ɗora wa shi.

Daga aljihun wa kuɗin ke fitowa?

A nan ne abin da ke rubuce da abin da ake yi suka rabu. Yawancin jihohi da garuruwa suna da doka, ko yarjejeniya da ƙungiyar ƴan sanda, da ta ce idan aka kai ma'aikaci ƙara a kan abin da ya yi a bakin aiki, hukuma za ta ɗaukar masa lauya, ta kuma biya a madadinsa.

Wata malamar shari'a a jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, Joanna Schwartz, ta bi diddigin wannan. Ta tattara bayanai daga rundunoni 81 na shekarun 2006 zuwa 2011, ta fitar da sakamako a 2014. Ta gano cewa a cikin kowace dala 10,000 da aka biya waɗanda aka cuta, dala 2 kacal ce ta fito daga aljihun ƴan sanda. Hukumomi ne suka biya saura, har ma a wuraren da aka kori ɗan sandan daga aiki ko aka gurfanar da shi.

Yawancin waɗannan ƙararraki da sulhu suke ƙarewa, kuma galibi ba tare da gari ya amsa laifi ba. A Satumba 2020 garin Louisville ya amince zai biya iyalin Breonna Taylor dala miliyan 12, tare da alkawarin gyara yadda ake binciken gidaje. A Maris 2021 Minneapolis ta amince da dala miliyan 27 ga iyalin George Floyd. Ɗan sandan da ya danne wuyansa an yanke masa ɗaurin shekara 22 da rabi a wata shari'a daban.

Amfani da illa

Amfanin wannan tsari a bayyane yake. Albashin ɗan sanda ba zai taɓa biyan diyyar rai ko ta naƙasa ba. In da shi kaɗai za a bi, da wanda aka cuta ya ci shari'a ya koma gida hannu rabbana.

Illarsa kuwa ita ce kuɗin hukuma kuɗin jama'a ne. Manyan birane daga baitulmali suke biya. Shikago ta sha cin bashi don haka. Ƙananan garuruwa inshora suke yi. A 2015 garin Inkster a jihar Michigan ya ƙara wa masu gidaje haraji don ya biya kusan dala miliyan 1.4 ga wani direba da ɗan sanda ya lakaɗa wa duka. A 2010 garin Maywood a Kalifoniya ya rushe rundunarsa baki ɗaya bayan ya rasa inshora. Sau da yawa kuma kuɗin ba daga kasafin ƴan sanda ake cire shi ba, saboda haka rundunar ba ta jin zafin da zai sa ta gyara.

Wasu jihohi sun nemi tsaka-tsaki. A 2020 Kolorado ta yi dokar da ta cire waccan garkuwa a kotunan jihar. Ta kuma ce idan hukuma ta tabbatar ɗan sanda bai yi aiki da kyakkyawar niyya ba, zai biya kashi 5 cikin 100 na diyyar ko dala 25,000, duk wanda ya fi ƙanƙanta.

Hanyar Faransa

Ya kamata ka san wannan hanya, domin dokar mulki ta Nijar daga ita ta samo tushe. Tun 1873 kotunan Faransa suka raba kuskure gida biyu. Akwai kuskuren aiki, wanda hukuma ke ɗauka. Akwai laifin ƙashin kai, kamar mugunta ko ramuwar gayya, wanda ma'aikaci ke ɗauka. A 1905 babbar kotun da ke shari'a tsakanin hukuma da jama'a ta amince cewa aikin ƴan sanda ma yana iya jawo wa hukuma biyan diyya. A 1949 ta ƙara da cewa idan harsashin ɗan sanda ya sami mutumin da ba shi ake nema ba, hukuma za ta biya ko ba a nuna kuskure ba. Daga 1951 kuma, hukumar da ta biya tana iya bin ma'aikacin ya mayar mata da kuɗin idan laifin nasa ne.

A Nijar, ƴan sandan ƙasa da jandarmomi ma'aikatan gwamnatin ƙasa ne. Ƴan sandan gari, inda akwai su, su ne ke ƙarƙashin ma'aikatar magajin gari. Don haka tambayar farko ita ce: ma'aikacin wace hukuma ne?

Abin da za ka yi idan ya same ka

Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma hujja ɗaya ce ko'ina.

1. Ka je likita a ranar, ka karɓi takardar da ta bayyana raunin.

2. Ka rubuta, ko ka sa a rubuta maka, rana da lokaci da wuri, da irin kayan sarkin da ma'aikacin ya sa, da lambar mota in ka gani.

3. Ka riƙe sunayen waɗanda suka ga abin.

4. Ka adana rasit na magani da hoton raunin.

5. Ka nemi lauya ko ofishin taimakon shari'a da wuri, ka tambayi wa'adin kai ƙara.

6. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar sulhu sai wanda ka amince da shi ya karanta maka ita. Sau da yawa wanda ya karɓi kuɗin sulhu ya yafe haƙƙin sake kai ƙara ke nan.