Rogon da Ya Shiga Kofin Shayi: Tarihin Boba

Duk mai leƙa TikTok ko Instagram a 'yan shekarun nan ya sha ganin wani dogon kofin roba cike da abin sha mai launi, wani rawaya kamar mangwaro, wani ja kamar zoɓo, a gindinsa kuma ga wasu baƙaƙen ƙwallaye masu girman gujiya ana zuƙo su da bututu mai faɗi. Shi ne ake kira boba. Mutanen Taiwan, inda aka ƙirƙiro shi, suna ce masa shayin madara mai lu'ulu'u. Ya riga ya iso shagunan Legas da Abuja da Akara, kuma kuɗin kofi ɗaya sai ya sayi tiyar gari ya bar canji. Abin da masu shan nan da yawa ba su sani ba shi ne, lu'ulu'un da suke taunawa rogo ne. Rogon nan dai namu na ɗanwake da kwaki da alabo. Yadda ya yi tafiya har ya faɗa kofin shayi a wani tsibiri na gabashin Asiya labari ne na shekara ɗari biyar, kuma ya ratsa ta ƙofar gidanmu.

Asalin rogo Kudancin Amurka ne, a yankin kurmin Amazon, inda mutanen wurin suka yi dubban shekaru suna nomansa kafin wani Bature ya taka ƙasar. Sun san cewa rogo mai ɗaci yana da dafi mai kisa, sun kuma gano maganinsa: a fere shi, a goge, a zuba a wani dogon kwando saƙaƙƙe a matse, sannan a soya dusar a bisa wuta. Ruwan da ya tsiyaye ba sa zubarwa. Sukan bar shi ya kwanta, su tsiyaye na sama, su kwashi farin gullin da ya taru a ƙasa. Ƙabilar Tupi ta Barazil tana kiran wannan gulli da wani suna da Turawan Fotugal suka ara suka mai da shi tapiyoka. Shi ne muke kira sitaci, kuma da shi ake yin ƙwallayen boba har gobe.

Turawan Fotugal sun isa Barazil a 1500. Cikin wannan ƙarni suka kawo rogo gaɓar Afirka, wajen bakin kogin Kwango da mashigin Gini. Ba don alheri suka kawo shi ba. Garinsa yana jure wata da watanni a cikin jirgin ruwa bai lalace ba, saboda haka da shi ake ciyar da bayin da ake lodawa zuwa gonakin rake. A yammacin Afirka rogo ya daɗe bai yi nisa da bakin teku ba, domin shukar ta zo amma hikimar cire dafinta ba ta bazu ba. Sai a ƙarni na 19, lokacin da 'yantattun bayi suka riƙa dawowa daga Barazil suna sauka a Wida da Porto-Novo da Legas, musamman bayan boren da bayi Musulmi suka yi a birnin Salvador na jihar Bahiya a watan Janairun 1835, boren da akasarin masu yin sa Yarabawa ne amma akwai Hausawa a ciki. Waɗannan masu dawowa su suka yaɗa sana'ar soya gari, suka kuma zo da kunun tapiyoka da ake sha har yau a Benin da Togo da Legas.

Daga kudu gari ya hauro arewa, da farko a kan jakuna da kawunan fatake, daga baya a jirgin ƙasa da manyan motoci. A wurinmu ya shigo ne da sunan abincin wahala. Yunwar da aka yi a yammacin Nijar a farkon shekarun 1950, Zabarmawa sun sanya mata suna shekarar gari, saboda garin rogon da aka riƙa kawowa daga kudu shi ya riƙe mutane da gero ya ƙare. Bayan farin 1984 kuma, da gwamnatin Seyni Kountché ta dage kan noman rani, rogo na cikin abubuwan da aka cika fadamu da su. Har yanzu in an ce wane ya koma shan gari, kowa ya san aljihu ne ya yi sanyi.

A daidai lokacin da rogo ke shiga Afirka, jiragen Fotugal da na Sifen sun kai shi gabas, zuwa Indiya da Filifin da tsibiran Indonesiya. A can ya tarar da wata tsohuwar al'ada. Mutanen yankin suna fitar da sitaci daga bargon wani irin icen kwakwa da ake kira sago, su mulmula shi ƙanana su dafa da kayan zaƙi. Sitacin rogo ya fi araha, ya fi saurin samuwa, sai ya maye gurbin sago a wurare da yawa. A Taiwan ma akwai irin waɗannan ƙwallaye da suke kira fen yuwan, waɗanda da farko da sitacin dankali ake yin su. Noman rogo ya ƙaru a tsibirin zamanin mulkin Japan, daga 1895 zuwa 1945, kuma sannu a hankali fen yuwan ya koma na rogo. Abin kwaɗayin yara ne na bakin kasuwa, ana zuba shi a ruwan sukari da niƙaƙƙiyar ƙanƙara a sha da cokali. Ba wanda ya taɓa haɗa shi da shayi.

Shayin Taiwan kuwa tarihinsa daban ne. Baƙi daga lardin Fujiyan na ƙasar Sin su suka zo da irinsa. A shekarun 1860 wani ɗan kasuwa daga Sikotlan mai suna John Dodd ya ga cewa tuddan arewacin tsibirin sun dace da shi, ya ba manoma bashi da iri, a 1869 kuma ya aika da lodinsa na farko zuwa New York. Japanawa suka ƙara da baƙin shayi irin na Assam a shekarun 1920, a tsakiyar tsibirin. Shekara kusan ɗari ana noman ganyen ne domin kasuwar waje. Wanda ake sha a gida kuwa da zafi ake shan sa, ba madara, ba sukari, a ƙananan finjalai, ana hira. Mai karatu da ya san zaman shayin fada a Damagaram ko Agadas, inda ake jiran na farko da na biyu da na uku, ya san irin zaman. Shayin dattawa ne, na masu lokaci.

Shekarun 1980 suka sauya wannan. Masana'antun Taiwan sun bunƙasa, matasa sun samu albashi da babura, an ɗage dokar soja a 1987, garuruwa sun cika da masu sauri. A birnin Taichung wani mai sayar da ganyen shayi, Liu Han-chieh, ya je Japan ya ga ana shan gahawa da sanyi. Da ya dawo ya buɗe shago a 1983, wanda daga baya aka sani da Chun Shui Tang, yana zuba shayi da ƙanƙara da ruwan sukari a gwangwani mai murfi, a girgiza har ya yi kumfa. Daga wannan kumfa sunan abin a Turanci ya samo asali, tun kafin ƙwallaye su shigo. Shagon ya ce wata ma'aikaciyarsa, Lin Hsiu-hui, ita ce ta juye fen yuwan ɗinta a cikin shayin madara mai sanyi ana tsakiyar taron ma'aikata, aka ɗanɗana aka ji daɗi, aka sa shi a kasuwa. A birnin Tainan kuma wani mai suna Tu Tsong-he, wanda ya buɗe shagon Hanlin a 1986, ya ce shi ya fara, bayan ya ga fararen ƙwallaye a kasuwar Yamuliao sun yi masa kama da lu'ulu'u. Shagunan biyu suka kai juna kotu, aka yi shekara goma ana shari'a. A 2019 kotu ta yanke cewa abin sha ne da kowa ke iya haɗawa, ba mallakin kowa ba ne.

Kafin a yanke hukuncin ma abin ya riga ya fi ƙarfin masu gardamar. An ƙero injin da ke liƙe bakin kofi da leda, mai babur ya rataya ya wuce ba ya zuba. An yi bututu mai faɗi da ƙwallo zai bi. 'Yan Taiwan mazauna Kalifoniya suka buɗe shaguna a unguwannin gabashin Los Angeles a shekarun 1990, 'ya'yansu suka mai da su dandalin haɗuwa. Daga nan sai Hong Kong da Sin da Japan da Turai. A 2004 har ma'aikatar tsaron Taiwan ta yi amfani da shi wajen lallashin jama'a, tana cewa in kowa ya rage kofi ɗaya a mako za a iya biyan kuɗin makaman da ake son saye daga Amurka. A 2020 ya samu hotonsa a cikin 'yan alamomin da muke turawa a waya.

Nau'in 'ya'yan itace, wanda ya fi jan hankalin matasanmu, ya biyo baya ne. Taiwan ƙasa ce mai zafi da ruwa, tana da abarba da gwaiba da lemo da mangwaro. Jan mangwaronsu mai suna Irwin daga Florida aka kawo irinsa a 1954, ya kama ƙasa a yankin Yujing na Tainan. Masu shaguna suka fara zuba waɗannan a koren shayi ba tare da madara ba. Da kasuwa ta buɗe sai aka koma ga hoda da ruwan zaƙi na kwalba, masu launi da ƙamshi amma ba ɗan itacen a ciki. A watan Mayun 2011 hukumomin Taiwan suka gano cewa wasu masu haɗa sinadaran abin sha suna zuba wani man da ake tausasa roba da shi, mai suna DEHP, domin ya fi araha. Aka kwashe kaya masu yawa daga kasuwa. A 2013 kuma aka sake samun wani sinadarin masana'anta a cikin sitacin da ake yin ƙwallayen da shi. Bayan waɗannan abubuwa biyu shagunan da ke yanka ɗanyen mangwaro a gaban mai saye suka yi kasuwa, mutane da yawa kuma suka koyi haɗawa a gida.

Haɗin ba shi da wuya, kuma kayansa duk suna kasuwarmu. Ana samun sitacin rogo na ci, wankakke busasshe, ba wanda aka tanada don guga ba. Baƙin sukarin da 'yan Taiwan ke alfahari da shi ba wani abu ba ne illa mazarƙwaila. A narka ta a sulusin kofi na ruwa, ya tafasa sosai, a juye a kan kofi ɗaya na sitaci a juya da sauri. Tafasar ita ce sirrin, domin ruwa mai ɗumi ba ya kama sitaci, sai dai ya tsinke. In ya huce kaɗan a murza har ya yi laushi, a mulmula ƙanana, a barbaɗe su da busasshen sitaci kada su manne. A zuba a ruwa mai yawa yana tafasa, minti 20, a kashe wuta a bar tukunya a rufe wasu minti 20, a tsame a ɗauraye da ruwan sanyi, a jiƙa a ruwan mazarƙwaila ko zuma. Sai a dafa koren shayi, irin na fada ma ya yi in ba a bar shi ya yi ɗaci ba, ya huce, a haɗa da markaɗaɗɗen mangwaro ko kankana da ƙanƙara a girgiza. Mai son zoɓo ko tsamiya ya bar madara, don tsami yana tsinka ta. A sha cikin awa huɗu, domin firji yana taurara ƙwallayen. Kada a ba ƙananan yara, suna iya shaƙe su, mai ciwon sukari kuma ya san cewa sitaci ne aka jiƙa a zaƙi. Wanda ya tashi da kunun tsamiya mai gaya ko fura mai gudaji ba zai ji baƙunta ba wajen shan abin da ake taunawa.

Saura lissafi. Najeriya ce ta ɗaya a duniya wajen noman rogo, tana fitar da wajen tan miliyan 60 a shekara, kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da duniya ke nomawa. Tailan tana noma kusan rabin haka, amma ita ce kan gaba wajen sayar da sitaci a kasuwar duniya, kuma Taiwan kanta daga can take sayen mafi yawan wanda take mulmulawa. A 2021, da jiragen dakon kaya suka cunkushe a tashoshin Amurka, shagunan boba na can sun yi ta kukan ƙarancin ƙwallaye, domin daga Asiya suke zuwa. Babu wanda ya waiwayi yammacin Afirka, inda masana'antu ke shigo da sitaci daga waje alhali ga rogo jibge a gona. Dalilin a bayyane yake. Rogo yana fara lalacewa kwana biyu zuwa uku bayan an tuge shi, kuma sai an matse tan huɗu zuwa biyar kafin a samu tan ɗaya na sitaci. In babu injin sarrafawa kusa da gona, da hanya da wuta da ruwa mai tsabta, manomi ba shi da zaɓi sai ya karyar ko ya soya gari. Tailan ta kafa injinan a tsakiyar gonakin tun shekaru da dama.

A ƙauyukan da ake soya gari, daga yankin Gaya zuwa Binuwai, mata suna ɗora duwatsu a kan buhunan gogaggen rogo, farin ruwa yana tsiyaya. Wasu suna tara shi su sayar wa masu wanki da guga, wasu kuma suna barin sa ya bi ƙasa. Ruwan nan ne mutanen Tupi suka tara a ƙwarya tun kafin zuwan Turawa, shi ne kuma ke dawo mana a cikin fakiti daga Asiya, an mulmula shi an rina shi da mazarƙwaila, muna saye da kuɗin waje.