Gwajin DNA Bayan Yanke Hukunci: Daga Leicester Zuwa Katsina

Gwajin ƙwayar halitta, wato DNA, hanya ce ta gane mutum daga jininsa, yawunsa, gashinsa ko maniyyinsa. Alec Jeffreys ne ya gano dabarar a Jami'ar Leicester ta Ingila a 1984, kuma ba a jima ba fursunoni suka fara roƙon a gwada kayan shaidar da aka ɗaure su a kansu. A Amurka an wanke Gary Dotson a 1989. A 1993 kuwa Kirk Bloodsworth ya zama na farko da gwajin ya kuɓutar bayan an taɓa yanke masa hukuncin kisa. Duk da haka, a shari'ar Osborne ta 2009, alƙalai 5 cikin 9 na Kotun Ƙolin ƙasar sun ce tsarin mulki bai ba fursuna haƙƙin gwajin kai tsaye ba, aikin 'yan majalisa ne su tsara shi.

Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 bai ambaci gwajin ba. Abin da wanda aka ɗaure ke riƙe da shi shi ne sashe na 36, mai ba kowa damar a saurare shi da adalci, sai kuma ƙofar ɗaukaka ƙara. Jihar Legas ta buɗe cibiyar gwajinta a 2017, amma cibiya ba ta amfanar fursunan da ba a adana kayan shaidar shari'arsa ba.

A jihar Katsina batun ya taso ne a shari'ar Amina Lawal. A watan Maris na 2002 kotun Shari'a ta Bakori ta yanke mata hukuncin jefewa, saboda ta haihu bayan aurenta ya mutu. Mutumin da ta ce shi ya yi mata cikin ya musanta, ya rantse, aka sallame shi. Ba a gwada jinin kowa ba. Babbar kotun Shari'a ta Funtuwa ta tabbatar da hukuncin a watan Agusta. Ranar 25 ga Satumba, 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke birnin Katsina ta soke shi, alƙalai 4 suka rinjayi 1. Hujjojin daga fiƙihu da dokar kotunan jihar suka fito: tana da ikon janye iƙirarinta, alƙali ɗaya ne ya zauna a Bakori maimakon uku, kuma a mazhabar Malikiyya ciki na iya kwanciya har shekara 5, abin da Hausawa ke kira kwantacce, don haka ana iya jingina jaririyar ga tsohon mijin.

Masu cewa da an yi gwaji da ta tsira tun farko sun yi gaggawa. Da sakamakon ya nuna 'yar ba ta tsohon mijin ba ce, da ya rushe hujjar kwantacce da lauyoyinta, Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim, suka tsaya a kai.

A 2002 ɗin ne majalisar fiƙihu ta ƙungiyar Rabiɗa a Makka ta amince a dogara da gwajin wajen binciken laifi, ban da haddi da ƙisasi. Wannan takunkumi ya dace da mai neman a hukunta wani. Fursunan da ke neman a wanke shi lamarinsa daban ne, domin shubuha kawai yake buƙatar nunawa, kuma malamai sun daɗe da yarda cewa shubuha tana tunkuɗe haddi.