Daga Gammo Zuwa Babur: Wa Ya Taɓa Tsufa a Kan Dako a Lafiya?

A zamanin Sarkin Lafiya Muhammadu Agwai, wanda ya yi mulki daga 1881 zuwa 1903, kasuwar garin ta shahara a duk kwarin Binuwai, har aka buɗe hanyar fatauci zuwa Loko, mashigar jiragen ruwa mai nisan kusan kilomita 90. Gishirin Keana da na Awe, da auduga da hatsi, duk sai an ɗauke su kafin su zama kuɗi. A ƙasar da ƙudan tsando ba ya barin jaki ya daɗe, kan ɗan Adam ne ya ɗauki mafi yawan wannan kaya. Tarihi ya riƙe sunan sarki, ana kuma tuna madugai, amma 'yan alaron da suka naɗa gammo suka bi ayari babu mai tuna su. Wannan mantuwa tana da dalili, kuma dalilin ya shafi matashin da yau yake yawo da saƙon mutane a bayan babur daga Shabu zuwa Bukan Sidi a Lafiya: dako sana'a ce mai tsawon rai, amma ba ta taɓa riƙe mai yin ta har tsufa ba, sai wanda ya sauke kayan ya koma wani matsayi a cikinta.

Ɗan alaro ƙarfinsa yake sayarwa, kuma ya san wuya da gwiwa suna da wa'adi. Mai dabara cikinsu yakan ɗora ɗan kayansa a kan na ubangida, ya sayar a zango, ya tara jari, har wata rana ya zama ɗan koli ko falke. Wanda bai yi haka ba gona ce makomarsa. Da layin dogo na gabas, wanda ya taso daga Fatakwal, ya ratsa Lafiya zuwa Kafanchan a shekarun 1920, aka kuma gama gadar Makurɗi a 1932, dakon doguwar tafiya ya mutu ba tare da an nemi shawarar masu yin sa ba. Riɗi ya koma hawa jirgi, 'yan dako suka koma lodi a tasha.

Zamanin mota ne ya gina matakala mafi kyau da wannan sana'a ta taɓa samu. Yaro yakan shiga a matsayin yaron mota, ya koyi ɗaure kaya da canza taya da sauraron ƙarar inji, ya zama direba bayan shekaru. Idan ya riƙe amana, maigida ya ba shi mota ya riƙa biya kaɗan-kaɗan har ta zama tasa. Idan ido ya raunana ko baya ya fara ciwo, ga kamasho a tasha, ga kujera a ƙungiya, musamman bayan kafa ƙungiyar direbobi ta NURTW a 1978. Tsarin yana da zaluncinsa, domin yaran mota da yawa sun yi shekaru suna bauta a kan kuɗin abinci, amma aƙalla akwai inda ake zuwa. Har gobe dattawan da ke karɓar saƙo a tashoshin Lafiya, su rubuta lambar waya a jikin kwali su haɗa shi da motar Jos ko Abuja, amanarsu suke ci, ba ƙarfinsu ba.

Wani zai ce ai lokaci ya canza. Lafiya ta zama babban birnin jihar Nasarawa a 1996, wayar salula ta shigo a 2001, jami'ar tarayya ta buɗe a 2011, mata suna sayar da atamfa da abinci ta WhatsApp daga cikin gida, kuma kowane ciniki yana buƙatar mai kai shi. Gaskiya ne aikin ya ƙaru. Sai dai ƙarancin kaya bai taɓa zama matsalar ɗan dako ba, ko a zamanin Agwai. Matsalar ita ce wanda yake ɗaukar asara. Mai kai saƙo a babur shi ke sayen mai, kuma tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 man ya cinye babban rabo na abin da yake samu. Shi ke biyan bakanike, shi ke kwanciya asibiti idan ya faɗi, kuma maigida yana jiran balas ɗinsa da yamma. Ga kuma hukuma: an hana acaɓa a tsakiyar Abuja a 2006, a Kano a 2013, a manyan sassan Legas a 2020. Sanarwa ɗaya a rediyo takan isa ta rushe lissafin shekaru.

Akwai kuma masu cewa manomi da tela su ma ba su da fansho, don haka me zai sa a ware mai babur? Manomi yana tsufa ya bar gona ga 'ya'yansa, keken ɗinki kan kai jika. Babur da ake bugawa kullum a kan hanya ba ya wuce 'yan shekaru, kuma yakan gaji daidai lokacin da aka gama biyan kuɗinsa. Babu yaron babur da ake horarwa, babu kamashon da ke jiran mai shi idan ya sauka.

Matashin da ya shiga kai saƙo bai yi kuskure ba, matuƙar ya ɗauke shi aikin ƙuruciya, ya shiga adashi, ya riƙe lambobin abokan cinikinsa a hannunsa har ya kai ga ɗora wasu a kan babura nasa. Nauyin da ya rage yana kan ƙungiyoyin direbobi da 'yan acaɓa na Nasarawa. Tun 2019 hukumar fansho ta PenCom ta buɗe ƙaramin tsarin fansho na masu sana'ar kansu. Ƙungiyar da ke iya karɓar kuɗin tikiti kowace safiya ba ta da uzurin kasa yi wa mambobinta rajista a cikinsa.