Cinikin wuƙaƙen aljihu masu ƙayyadadden adadi a intanet

Cinikin wuƙaƙen aljihu masu ƙayyadadden adadi wani reshe ne na kasuwancin kayan sha'awa, inda kamfani ko maƙeri ke ƙera wani samfurin wuƙa mai naɗewa guda kaɗan, sau ɗaya ko na ɗan wani lokaci, sannan a sayar wa masu tara wuƙaƙe ta intanet. Wannan ciniki ya fi ƙarfi a Amurka, amma yana da masu bi a Turai da Asiya. Abin da ya bambanta shi da sayen wuƙar aiki shi ne, ba kaifi ko ƙarko kaɗai ke yanke farashi ba. Ƙarancin kayan, da yanayin da wuƙar take ciki, da tabbacin cewa ba jabu ba ce, su ne suka fi tasiri.

Asali

Al'adar tara wuƙaƙen aljihu ta girmi intanet. Ɗaya daga cikin kamfanonin da suka raya ta shi ne W. R. Case & Sons, wanda asalinsa ya faro a 1889, ya kuma zauna a garin Bradford na jihar Pennsylvania tun 1905. A 1970 kamfanin ya fara buga ɗigo goma a gindin ruwan wuƙa, yana rage ɗaya a kowace shekara. Wannan ya ba masu tarawa damar gane shekarar da aka ƙera wuƙa da kallo ɗaya. A 1981 aka kafa ƙungiyar masu tara wuƙaƙen Case, kuma a 1993 kamfanin Zippo ya sayi Case.

A wancan zamani ana sayen irin waɗannan wuƙaƙe ne a kantunan kayan aiki, ko ta kundin talla da ake aikawa ta gidan waya, ko a wuraren baje koli. Mafi shahara a cikinsu shi ne Blade Show, wanda ake yi duk watan Yuni a Atlanta. Da intanet ya yaɗu, sai mafi yawan cinikin ya koma shafukan dillalai da na kamfanonin kansu.

Fitattun misalai

Kamfanin Great Eastern Cutlery, wanda aka kafa a 2006 a Titusville ta jihar Pennsylvania, yana ƙera wuƙaƙen gargajiya ne rukuni-rukuni. Idan ya gama da samfuri ɗaya sai ya koma wani, kuma akan ɗauki shekaru kafin a waiwayi na baya. Yawancin wuƙaƙensa da ƙarfen 1095 ake yin su, wanda ke wasuwa cikin sauƙi amma yana tsatsa idan ba a kula da shi ba. Ƙotar kuwa ta ƙashi ce, ko ƙahon barewa, ko katako. Ana buga lamba mai alƙaluma shida a gindin ruwan wuƙar: biyun farko na nuna samfuri, na uku siffar babban ruwa, na huɗu yawan ruwan, biyun ƙarshe kuma shekara.

Spyderco, da ke garin Golden a jihar Colorado, na da tsarin da yake kira Sprint Run. A nan yakan ɗauki samfurin da aka riga aka sani, ya sake shi da wani ƙarfe ko launin ƙota na daban, sau ɗaya tak. A Suwizalan kuma, Victorinox, wanda Karl Elsener ya kafa a 1884, yana fitar da jerin Alox na musamman duk shekara tun 2015, kowace shekara da launinta, tare da shekarar a rubuce a bayan ƙota.

Yadda ake sayarwa

Hanya mafi yaɗuwa ita ce a sanar da rana da lokaci, a saki kayan a shafi, wanda ya riga biya shi ke samu. Samfurin da ake rububinsa kan ƙare cikin 'yan mintoci. Saboda haka wasu dillalai ke karɓar sunayen masu so tun kafin a ƙera, wani lokaci da kuɗin kafin alƙalami. Wasu kuma, musamman maƙeran da ke aiki su kaɗai, ƙuri'a suke jefawa. Wanda sunansa ya fito bai ci wuƙa kyauta ba, damar saye kawai ya samu.

Akwai kuma odar musamman, inda dillali ko wata ƙungiya ke biyan masana'anta ta ƙera musu samfuri da tambarinsu, wanda ba za a same shi a wani wuri ba. Don hana mutum ɗaya kwashe kaya, dillalai da dama na ƙayyade wuƙa ɗaya ga kowane gida, suna kuma ƙoƙarin toshe manhajojin da ke yin saye da kansu cikin saurin da ɗan Adam ba zai iya ba.

Kasuwa ta biyu

Wanda bai samu a sakin farko ba yakan koma wurin gwanjo kamar eBay, ko zaurukan masu tarawa a kafofin sada zumunta. A nan farashi kan haura na asali, wani lokaci ya ninka. Wannan ya haifar da 'yan sari, masu saye ba don sha'awa ba sai don su sayar nan take da riba, abin da ke jawo ƙorafi daga masu tarawa. Sai dai ribar ba ta da tabbas, domin da zarar kamfani ya sake fitar da makamancin samfurin, ko yayinsa ya wuce, farashi na iya faɗuwa.

Yanayin wuƙa na da babban tasiri. Wadda ba a taɓa wasawa ko amfani da ita ba, kuma tana tare da kwalinta da takardunta, ta fi daraja nesa ba kusa ba. Masu saye kan duba ko ruwan na zaune a tsakiyar ƙota idan an naɗe, ko yana girgiɗi idan an buɗe, da ko akwai tsaga a ƙota ko tabon tsatsa.

Jabu da damfara

Ana kwaikwayon shahararrun samfura har da tambari da kwali. Alamomin jabu sun haɗa da farashi mai arha fiye da kima, da rubutun da bai fita sarai ba, da nauyi ko ƙusoshin da suka saɓa wa na asali. Wasu kamfanoni na haɗa shaida da kayansu. Chris Reeve Knives na Boise a jihar Idaho, alal misali, yana sa kati mai ɗauke da ranar da aka ƙera wuƙar. Kamfanoni da yawa kuma na wallafa sunayen dillalan da suka amince da su.

Wata damfarar ita ce tallar wuƙar da mai tallar bai mallaka ba, da hotunan da ya sato. Don haka a zaurukan ciniki ake neman mai sayarwa ya ɗauki hoton wuƙar kusa da takardar da ya rubuta sunansa da kwanan wata da hannu. Hanyar biya ma na da muhimmanci: kariyar da PayPal ke ba mai saye ta shafi kuɗin da aka biya a matsayin cinikin kaya ne, ba wanda aka tura a matsayin aike ga dangi ko abokai ba.

Dokoki

Wuƙar da ta halatta a ƙasar mai sayarwa na iya zama haramtacciya a ƙasar mai saye, kuma jami'an kwastan na da ikon kwace ta. A Amurka, dokar tarayya ta 1958 ta taƙaita shigo da wuƙaƙen da ke buɗewa da danna maɓalli da kuma cinikinsu tsakanin jihohi, sannan kowace jiha na da nata ƙa'idoji. A Ingila, dokar 1988 ta yarda a riƙe wuƙa mai naɗewa a bainar jama'a ba tare da bayar da dalili ba, muddin kaifinta bai wuce inci 3 ba kuma ba ta kullewa idan an buɗe. Wata dokar ta 2019 ta ƙara tsaurara tantance shekarun mai saye ta intanet. A Jamus, tun 2008 an taƙaita yawo da wuƙar da ake buɗewa da hannu ɗaya kuma take kullewa, ko da yake mallakarta ba laifi ba ne.

Abin da aka yi ƙota da shi ma na iya jawo matsala. Hauren giwa da wasu nau'o'in katako masu daraja na ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar barazanar ƙarewa, don haka tsallaka iyaka da su na iya buƙatar izini.